Ɗinkin da Na Farke

Yayana ya fi ni hannu, duk wanda ya san gidanmu a Kano ya san da haka. A zauren mahaifinmu muka koyi ɗinki mu biyu, ɗinkin hannu na manyan riguna. Ni dole ce ta sa na koya, boko na karɓata na ajiye allura na yi gaba. Shi kuwa ya zauna ya shekara talatin yana sana'ar, har keken surfani ya cika gari, masu sayen riga suka daina tambayar wanda ya ɗinka. A shekarar 2016 na jawo shi Dubai, inda nake aikin ofis a wani kamfanin jigilar kaya a Jebel Ali. Aikin da na iya samo masa a Murshid Bazaar ne, wajen masu kago, wato masu aika kayan 'yan kasuwa gida: ɗinke bakin dila da basilla da zaren leda. Mutumin da yake zana aska takwas a ƙirjin riga, ga shi tsugune yana ɗinke buhun takalman roba. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, ni kuma da ya yi ƙorafin da ya fi mini sauƙi.

Ɗaki ɗaya muke kwana a Hor Al Anz, a wani gida da muke rabawa da 'yan Nijar biyu da wani Bafulatanin Yola mai yawan waya. Katifa biyu, fanka, da akwatin ƙarfen Yaya wanda ya zo da alluransa a ciki, ba ya buɗe shi.

Akwai wani Bature a ofishinmu, dogo, mai jar fuska, mutumin kirki ne amma akwai shisshigi. Washegarin wata Sallah na je aiki da rigar da Yaya ya ɗinka mini tun muna gida. Baturen nan ya tare ni a bakin ƙofa, ya kama hannun rigar ya juya cikinsa waje a gaban mutane, yana ƙura wa kalmasa ido. Raina ya ɓaci, na fizge hannuna. Sai ya tambaye ni wane irin keke ne ya yi wannan. Na ce ba keke ba ne, yayana ne. Nan take ya zaro waya ya fara nuna mini hotuna: ga shi nan da kansa, ya ɗaure kai da jan ƙyalle, takobi a ƙugu, yana tsaye a kan jirgin ruwa na katako tare da wasu manyan mutane masu irin shigarsa.

Ashe ƙungiya gare su. Idan sanyi ya shigo sai su yi hayar jirgi, su yi shigar 'yan fashin teku na shekara ɗari uku da suka wuce, su kwaikwayi yadda mutanen suke ci da sha da faɗa. Wani lokaci makarantu kan gayyace su su nuna wa yara. Shi ne shugabansu, Kyaftin suke ce masa, mu ma sunan da muka riƙe ke nan. Kuma suna da doka mai tsanani: ba a yarda da ɗinkin keke a jikin kayansu ba, domin a wancan zamanin babu keke. Ya ce ya gaji da neman telan da zai yi masa ɗinkin hannu a garin nan.

Da na kai wa Yaya labari yana cin abinci, sai da ya ajiye cokali.

“Wato mutum da aikinsa, da albashinsa, da iyalinsa, ya rasa abin yi ranar hutu sai shigar ɓarayi?”

“Ba sa satar komai, Yaya. Wasa ne.”

“Ga shigar ɓarayi, ga ba riba. Allah ya shirye su.”

Na ce masa to shi ke nan, dama ɗinkin hannu suke nema, wai ko taku ɗaya na keke ba sa so. Ya ci gaba da cin abincinsa. Da na dawo daga sallar la'asar na tarar ya buɗe akwatin, yana goge alluran ɗaya bayan ɗaya da gefen rigarsa.

Aikin farko riguna shida ne na akoko, masu faɗin hannu. Yaya ya yi su a wata guda, ranakun Juma'a da Asabar da kuma safiya kafin ya fita. Da ya gama muka yi abin da duk telan kirki yake yi: muka wanke su, muka sa bula, muka sa sitati, na goge su har suna ƙyalli, Yaya ya turara su da turaren wuta ya ninke a leda. Kyaftin ya zo ɗauka, ya buɗe ledar, sai fuskarsa ta canza kamar an yi masa rasuwa. Ya yaba ɗinkin sosai, har yana girgiza kai. Sannan ya ce amma ɗan fashin teku ba ya yawo kamar ango. Rigar mutumin da ya wata shida a kan ruwa ake so, wadda ta sha gishiri da gumi, ta koɗe, ta yage an yi mata faci. Ya roƙe mu mu tsofar da su.

Na fassara wa Yaya. Ya kalli rigunan, ya kalli Baturen, ya ce, “Khalas, magana ta ƙare. Ka gaya masa ni tela ne, ba ɓera ba.”

Ban fassara wannan ba. Kwana uku Yaya yana fushi, a rana ta huɗu sai ya ce in raka shi bakin ruwa a Deira, inda jiragen katako suke lodi. Muka zauna a kan wani dakali yana kallon 'yan dako. Ba fuskokinsu yake kallo ba, rigunansu yake kallo. Ya nuna mini yadda kafaɗar dama take riga ta hagu cinyewa, yadda gumi yake barin farin zane a gadon baya, yadda wuya yake baƙi ta ciki kafin ta waje. Ya ce idan dole sai an lalata, to a lalata da ilimi. Muka koma gida ya dafa ganyen shayi a bokiti ya tsoma rigunan, ya jiƙa su da ruwan gishiri, ya shanya a saman bene rana ta gasa su mako guda. Ya sayo dutsen goge kaushi ya dinga gurzar gwiwar hannu da kafaɗa. Inda ya ɓule sai ya sa faci, facin ma da zaren da bai dace da rigar ba, da gangan. Yana yi yana istigfari, yana cewa Allah ya sa Baba bai gani ba.

Daga nan aiki ya buɗe. Wanduna masu tsayawa a gwiwa, 'yar shara mai maɓalli, jakunkuna. Wani ɗan kasuwar Kano ya zo mana da jar fata, Yaya ya yi ɗamara da kube. Takubban na katako ne, wani kafinta ɗan Indiya yake sassaƙawa, Yaya ya naɗe musu ƙota da fata. Huluna kuwa masu faɗin baki muke saya, ya tanƙwara gefe uku sama ya kama da zare. Sau ɗaya suka gayyace mu cikin jirgin. Yaya ya zauna a tsakiya da kaftaninsa, ya riƙe benci da hannu biyu don tsoron ruwa, mutum wajen ashirin suna tsalle-tsalle a gabansa cikin kayan da ya ɗinka. Kyaftin ya tsayar da wasan ya nuna shi, ya ce ga malamin da ya tufatar da su, suka yi ta tafi. Yaya ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce rigar wani likita da ke cikinsu ta yi masa yawa a kafaɗa, in tuna masa ya rage. Amma na ga idonsa ya kawo ruwa. A shekara biyun nan yayana ya dawo mutum, har waƙa yake yi a banɗaki.

Sai ciwon suga ya taɓa masa ido. A hankali abin ya zo. Da farko ya ce fitilar ɗakin ce ta yi rauni, na canza ƙwai. Sai ya fara miƙo mini allura in zura masa zare. Da abin ya yi nisa, kullum da safe kafin in tafi aiki nakan zura allura goma, in shafa wa zaren kakin zuma, in soke su a jere a jikin matashinsa, ya yi ta zara har su ƙare. Likita ya ce za a iya rage gudun ciwon, amma abin da ya tafi ya tafi. Masu kago suka yi masa kara na ɗan lokaci, daga baya suka ce ba za su sabunta masa biza ba. Ya rage masa wata biyar a ƙasar.

A daidai lokacin Kyaftin ya zo da yadin ulu mai ruwan bula mai duhu, ya ce babbar kwat yake so, irin ta shugaban jirgi, mai tsawo har gwiwa, da manyan hannuwa da ake naɗewa, da shafi, da maɓallan tagulla tun daga wuya har ƙasa. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, Yaya ya riga ni. Ya shafa yadin ya ce zai yi. Da Baturen ya tafi na ce, “Yaya, anya kuwa?” Ya ce, “Ita ce ta ƙarshe. Ka bar ni in bar wani abu a garin nan wanda ba buhu ba.”

Wata uku ya yi a kanta. Ni na yanka masa, shi ya ɗinka. Yakan zauna a bakin taga ya kawo yadin dab da hancinsa, daga baya ma ya daina kallo, da yatsa yake bi. Ni kuwa in na dawo aiki sai in ɗaga kwat ɗin in duba. Takun da na sani a jere kamar haƙoran mataji, yanzu wani dogo wani gajere, layin ya tafi ya karkace ya dawo. Ramukan maɓalli babu biyu da suka yi daidai. Ɗinkin da ƙarfinsa, ko ka ja ba zai saki ba, amma ba shi da kyan gani. Yakan tambaye ni, “Ya ka gani?” In ce, “Ya yi, Yaya.”

A zauren mahaifinmu akwai doka: karkataccen ɗinki ba ya fita ƙofa. Baba ba ya faɗa, ba ya duka. In ya ɗaga aikinka ya ga ya kauce, reza yake ɗauka ya farke a gabanka, ya miƙo maka. Ni aka fi yi wa haka, Yaya kuwa ban taɓa ganin an yi masa ba. Da wannan idon nake kallon kwat ɗin. Na dinga hango Turawan nan suna juya cikinta waje, suna kallon juna, suna cewa kaico, tsohon ya ƙare. Na ce a raina ba za a tausaya wa yayana a kan ɗinki ba ina raye.

Da ya kammala, saura maɓallai kawai, sai wasu 'yan kasuwa suka haɗa tafiyar Umra a mota, kwana goma. Yaya ya bi su, ya ce zai je ya roƙi Allah a kan idonsa kafin ya koma gida. Ya rataye kwat ɗin a bayan ƙofa ya ce kada in bari ƙura ta hau ta.

Wallahi wuya kaɗai na yi niyyar gyarawa, don shi ido yake fara sauka a kai. Ranar Juma'a da hantsi na sauke ta, na ɗauki reza. Na farke wuyan na mayar da shi tsaf. Da na ɗaga sai na ga gyaran ya tona asirin kafaɗa, don yanzu ga miƙaƙƙe ga karkatacce gefe da gefe. Na farke kafaɗa. Kafaɗa ta nuna hannu, hannu ya nuna gefe. Ranar Lahadi na kira ofis na ɗauki hutuna na shekara. Kwana tara ina zaune a bakin tagarsa, da alluransa, ina bin ramukan da ya huda ina gyara musu hanya. Na yi aljihu, na yi shafi, na sake ramukan maɓalli duka. Guntayen zarensa na tara su a leda na kai bola da hannuna, don kada ya taka ya gane. Ban taɓa yin ɗinki mai kyau irin wannan ba, kuma ina yi ina jin daɗin kaina. Wannan jin daɗin shi ne abin da na kasa yafe wa kaina har yau.

Ya dawo da dabino da zamzam, fuskarsa a sake. Bayan ya huta ya ce in miƙo masa kwat ya sa maɓallai. Ya ɗora ta a cinya, ya sa babban yatsa a wuyan, ya bi layin. Ya tsaya. Ya koma kafaɗa ya bi. Ya juya hannun riga, ya zura hannu cikin shafi. Ina tsaye ina jin ƙarar fanka. Na ɗauka ido na ɓoye wa abin, na manta shekara arba'in yatsun nan suna karanta ɗinki.

Ya ɗago ya ce, “Ashe kana da hannu haka. Da Baba ya gani da ya yi murna.”

Na fara cewa, “Yaya, wuyan ne kawai na ga...”

Ya ce, “Ba komai. Sa mata maɓallan, ka ƙarasa aikinka.”

Sai ya jawo matashinsa, ya zare alluran da suka rage a jiki ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo mini. Na ƙi karɓa, ya ajiye su a kan katifata.

Kyaftin ya zo ranar Asabar. Ya sa kwat ɗin, ta zauna masa ɗas. Ya juya gefenta kamar yadda ya saba, sai na ga ya yamutsa fuska. Ya ce ina ɗinkin da ya gani wancan zuwan? Ashe ya taɓa biyowa ina wajen aiki, Yaya ya nuna masa. Ya ce tun ranar yake ba 'yan ƙungiyarsu labari. Wai ya taɓa ganin tsofaffin kayan ma'aikatan jirgi a gidan tarihi a ƙasarsu, haka ɗinkinsu yake, dogo da gajere, na mutumin da yake ɗinki jirgi na rawa da shi. Ya ce ya ɗauka da gangan Yaya ya yi, kuma bai taɓa ganin wanda ya kamo abin haka ba. Wannan kuwa, ya ce, yana da kyau, amma sai ka rantse keke ne.

Yaya ba ya jin Turanci sosai, amma ya ji muryar. Ya ce, “Me ya ce?” Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na fassara masa duka, kalma bayan kalma, ina kallon ƙasa. Sai ya ce, “Gaya masa ni na sa ka gyara. Ka ce idona ne ya yi shwaiya, ba ya gani sosai.” Na fassara wannan ma. Baturen ya ba shi hannu, ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya bar mana kwat ɗin a tsofar da ita. Ni kaɗai na hau bene da bokitin shayi da dutse. Yaya ya ce ƙafarsa na ciwo.

Bai sake riƙe allura ba. Sauran makonnin ya yi su yana zaune, yana jan carbi, yana sauraron rediyo a waya. Bai canza mini fuska ba ko sau ɗaya, yana tambayata aiki, yana tsokanar Bafulatanin gidanmu. Na ba shi haƙuri sau biyu, duka biyun ya ce, “Haba, me aka yi?” Da ya zage ni da na samu inda zan sa kaina. A ƙarshen 2019 na raka shi filin jirgi, na riƙe masa hannu har inda aka hana ni wucewa. Akwatin ƙarfen ya bar shi a ɗaki, ya ce nauyi zai yi masa.

Bayan 'yan watanni annobar korona ta zo, aka rufe filayen jirgi. 'Yan fashin teku suka watse, kowa ya kulle kansa a gida. Daga Kano matar Yaya ta fara kirana tana cewa jikin ya ƙi, ƙafa ta kumbura, ba ya cin abinci. Ina Hor Al Anz, ba hanyar tafiya, sai waya.

Wata ranar Talata bayan azahar ta kira ta ce yana son magana da ni. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. Ya tambayi zafin garin, ya tambayi 'yan Nijar, ya ce in riƙe sallah. Na ɗauka ya gama, har na fara yi masa addu'a, sai ya ce, “Tsaya. Rigar Baturen nan.”

“Na'am, Yaya.”

“Ka bar ko ɗan wani wuri? Ko taku kaɗan?”

Wata bakwai ke nan, bai taɓa tayar da maganar ba. Ashe tana nan a ransa, ya tafi da ita har gida, yana kwance da ita a kan gadon jinya. Na san amsar sarai, ni na kai ledar bola. Na ce, “Na bari, Yaya. Aljihun ciki na hagu, ban taɓa shi ba. Naka ne gaba ɗaya.”

Ina jin numfashinsa. Sai ya ce, “Na hagu.” Sannan ya ce, “To, madalla. Allah ya yi maka albarka.”

Ya rasu ranar Alhamis da safe, aka kai shi kafin azahar, ni ina zaune a kan katifata da waya a hannu. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a rasuwar Baba. Har yau ban sani ba ko ya yarda da maganata, ko kuwa ya sake rufa mini asiri ne kamar yadda ya yi a gaban Bature. Ranar da ya dawo daga Umra ya zura hannu cikin shafin kwat ɗin ya daɗe yana lalube, kuma na yi ta ƙoƙarin tuna ko ta hagu ya zura ko ta dama, na kasa.